Labarin zuciya, a tambayi fuska?

Na san cikin masu karanta wannan mujalla akwai waɗanda za su riƙe haɓa idan suka ga malamin lakkol, wanda furfura ta fara sauka a gemunsa, ya ɗauki alƙalami domin ya yabi fim ɗin da ake zubar da jini a cikinsa ana kuma ƙyalƙyala dariya. Sun saba mu kawo musu zancen nahawu, ko na ƙa'idojin rubutu, ko kukan da muke yi kullum a kan ƙarancin littattafan Hausa cikin azuzuwanmu. To, ina roƙon ƴan'uwa malamai da shugabannin ƙungiyoyin raya al'adu su yi mini haƙuri, su bi ni har ƙarshe. Fim ɗin da zan yi magana a kansa ya tono mini wani abin kunya da na binne shekaru masu yawa, kuma ina zaton ba ni kaɗai na taɓa binne irinsa ba cikin waɗanda suka baro ƙauye suka zo birni neman ilimi.

Sunansa da Ingilishi Tucker and Dale vs. Evil, watau Tucker da Dale sun kara da mugunta. Wani Ba'amurke mai suna Eli Craig ne ya shirya shi, kuma shi ne dogon fim ɗinsa na farko. Shi da Morgan Jurgenson suka rubuta labarin. An ɗauke shi a lardin Alberta na ƙasar Kanada, ko da yake labarin yana faruwa a jihar Birjiniya ta Yamma, cikin duwatsun Apalash na Amurka. An fara nuna shi a bikin fina-finai na Sundance a watan Janairu na 2010, amma sai da ya yi fiye da shekara ɗaya da rabi kafin ya shiga gidajen sinima na Amurka, a watan Satumba na 2011, su ma ƴan kaɗan ne suka karɓe shi. A Faransa ya fito a 2012 da wani suna mai ba malamin Faransanci haushi, Tucker et Dale fightent le mal, inda aka kamo aikatau na Ingilishi aka ɗaura masa wutsiyar Faransanci. Tsawonsa bai cika awa ɗaya da rabi ba. Masu son irinsa a Turai da Amurka daga baya suka gano shi, a faifai da intanet, wannan ya gaya wa wancan. A nan wajenmu kuwa na sha tambayar samarin da ke tura wa mutane fina-finai a waya, ban dace da wanda ya san shi ba. Ni ma wani abokin aikina, malamin Ingilishi, ya ba ni shi a hutun damina na 2016, ya ce in kalla in yi dariya. Dariya kam na yi ta, amma daren nan barci bai zo mini da wuri ba.

Kafin in shiga labarin, ya kamata in faɗi gidan da ya fito. Mu da muka yi samartaka a shekarun 1990 mun san gidan bidiyo: zaure ko rumfar zana, benci biyar ko shida, telebijin ɗaya bisa tebur, a biya dala biyar a shiga. Fina-finan Indiya da na ƴan karate su ne abincin yau da kullum, amma wani lokaci, da dare, mai gidan yakan saka na ban tsoro. Da yawa cikinsu labarinsu ɗaya ne. Samari da ƴan matan birni su shiga mota su nufi daji yawon shaƙatawa, su tsaya a wani gidan mai da ya tsufa, wani dattijo ya gargaɗe su, su yi kunnen uwar shegu, sa'annan mutanen dajin su bi su ɗaya bayan ɗaya suna yankawa. Wannan ƙira ta daɗe a sinimar Amurka. A 1972 John Boorman ya yi Délivrance, inda ƴan birni huɗu suka shiga kogi a jihar Jojiya suka gamu da mutanen tsauni. A 1974 Tobe Hooper ya yi wanda muka sani da Massacre à la tronçonneuse, mai ƙaton nan da ke bin mutane da zarto mai inji. A 1977 Wes Craven ya yi La colline a des yeux. A 2003 aka yi Détour mortel, shi ma a Birjiniya ta Yamma aka ajiye labarinsa.

Dodon waɗannan fina-finai mutum ne, kuma yana da suna a bakin Amurkawa: hillbilly. Kalmar tana nufin talakan tsauni, farar fata, mazaunin wuraren da kwalta ba ta kai ba, kuma da raini ake faɗinta, kamar yadda ɗan birninmu ke jan kalmar baƙauye. Mutanen Apalash sun haƙo wa Amurka kwal shekara da shekaru, da yawansu sun mutu cikin ramuka ko da ciwon huhu, amma abin da allon sinima ya fi nunawa game da su shi ne ruɓaɓɓun haƙora, da tufafi masu datti, da gatari a hannu.

Eli Craig ya ɗauki wannan tsohuwar ƙira bai sāke mata komai ba, sai dai ya matsar da kyamara zuwa ɗaya gefen. Ɗalibai tara ƴan jami'a sun nufi daji za su kafa tanti. A hanya wata tsohuwar mota ta wuce su, mutum biyu a ciki suna kallonsu. A gidan mai suka sāke gamuwa. Har nan mai kallo ya san inda aka dosa, ko kuwa yana zaton ya sani. Sai kyamara ta bar ɗaliban ta koma wajen mutanen nan biyu, mu ji abin da suke cewa. Ashe Tucker da Dale aminai ne, talakawa, da suka daɗe suna tara kuɗi har suka sayi wata rusasshiyar bukkar katako a bakin tabki, suna kiranta gidan hutu, suna murna kamar sun sayi bene. Dale, wanda Tyler Labine ya fito a matsayinsa, ƙato ne mai gemu, mai tsananin kunya, ba ya iya haɗa ido da mace. Ya hango ɗaya cikin ƴan matan, Allison, ta burge shi. Tucker, watau Alan Tudyk, ya ƙarfafa masa gwiwa, ya ce ya je ya gaishe ta, ya riƙa murmushi yana dariya domin a ga ba ya jin tsoro. Dale ya tafi, ya manta da cewa a hannunsa akwai wani ƙaton lauje mai doguwar ƙota, irin wanda Turawa ke zana mutuwa riƙe da shi. Ya tsaya gabansu, ya yi tambayarsa, ya saki wata dariya da ba ta da kai ba ta da gindi. Ɗaliban suka faɗa mota suka tsere. Shi kuma ya koma wajen amininsa jiki a sanyaye, yana cewa dama ya san fuskarsa ce ba sa so.

Daga nan komai sai ya riƙa bin wannan hanya. Da dare, bakin wuta, wani cikin ɗaliban mai suna Chad ya ba su labarin kisan gillar da mutanen tsauni suka yi wa wasu ƴan jami'a a wannan daji shekara 20 da suka wuce. Bayan haka suka tafi wanka a tabki. Tucker da Dale suna cikin kwalekwale suna kamun kifi; Allison ta hango su, ta firgita, ta zame daga kan dutse ta bugu a ka. Suka tsamo ta daga ruwa, suka ɗaga murya suna gaya wa sauran cewa abokiyarsu tana hannunsu. Su ceto suke nufi, waɗancan kuwa sata suka ji. Washegari Tucker yana yankan gungume da zarto mai inji, ya faɗa wa gidan ƙudan zuma. Ya fito da gudu, yana wulwula zarton a sama, zuma tana harbinsa, daidai siffar ƙaton nan na fim ɗin 1974. Wani ɗalibi da ya zo leƙen asiri ya ga haka ya ranta a na kare, yana gudu yana waige, har ya soke kansa a reshen busasshiyar itaciya. Da Allison ta farfaɗo ta gane mutanen kirki ne, ta ɗauki shebur tana taya Dale haƙar ramin salga, domin ita ma a gona ta tashi. Abokanta daga cikin duhuwa suka ce an sa ta haƙa kabarinta. Suka kawo hari don su cece ta. Ɗaya ya yi tuntuɓe ya faɗa kan mashin da ya fiƙe da hannunsa. Wani ya daka tsalle zai kama Tucker, Tucker ya sunkuya ɗaukar itace, yaron ya zarce da ka cikin injin niƙa itace.

Mai karatu zai ce ina abin dariya a nan? Yana wajen mutanen nan biyu, waɗanda su ma tsoro ya kama su. Sun ga yara masu ilimi, ƴaƴan masu hali, suna fitowa daga daji suna hallaka kansu a ƙofar gidansu ba gaira ba dalili. Suka zauna suka yi nazari, suka yanke cewa lalle yaran nan alkawari suka ɗaura na kashe kansu, don haka a ɓoye duk wani abu mai kaifi. Suka kuma gane, cikin baƙin ciki, cewa ba ɗan sandan da zai yarda da labarinsu, domin sun san irin idon da ake kallonsu da shi. Wurin da Tucker ke tsaye gaban shugaban ƴan sandan yankin, jini har wuya, yana ƙoƙarin bayyana masa cikin ladabi yadda ranar ta kasance, yana cikin abubuwan da suka fi ba ni dariya a duk fina-finan da na taɓa gani.

Mu masu koyar da Faransanci mun san sunan wannan dabara: quiproquo, watau a ɗauki wani abu a matsayin wani. Kowace shekara nakan kai ɗalibaina wurin nan na ƙarshen L'Avare, wasan da Molière ya yi a 1668, inda tsohon marowaci ke tuhumar saurayi a kan akwatin kuɗinsa, saurayin kuma yana amsawa a kan ɗiyar tsohon, kowa yana jin abin da ke ransa cikin maganar ɗan'uwansa. A wajen Molière ruɗanin yakan ƙare da aure. A nan kuwa kowane ruɗani gawa yake bari. Kuma idan mutum ya natsu zai ga ba tsautsayi kaɗai ke kashe yaran ba. Sun shigo dajin da labarinsu a kai, wanda suka kwaso daga fina-finai, Chad kuma ya ƙara masa gishiri a bakin wuta. Duk abin da idonsu ya gani bayan haka, sai su nema masa gurbi cikin labarin. Har saƙon da Tucker da Dale suka sassaƙa musu a jikin gungume, don su kwantar musu da hankali, kuskuren rubutun da ke cikinsa ya zama ƙarin shaida cewa makasa ne. Hausawa sun ce labarin zuciya a tambayi fuska. Na daɗe ina koyar da wannan karin magana ban taɓa yi mata gardama ba, sai da na ga wannan fim. Fuskar Dale gaskiya take faɗa tun daga farko, amma waɗanda suka tambaye ta sun riga sun zo da amsarsu.

Yanzu bari in faɗi abin da ya hana ni barci.

A 1997 ina aji na biyu a lise, a birnin da ke da nisan yini guda daga ƙauyenmu. Mahaifina ya rasu tun ina ƙarami, kawuna, wan mahaifiyata, shi ya ɗauki nauyina. Manomi ne, da rani kuma yana saran itace yana kaiwa kasuwa. Dogo ne, baƙi, da tsagen gado a kumatunsa, ido ɗaya ya yi fari tun ranar da ƙaya ta soke shi yana yaro. Muryarsa irin ta wanda ya saba kiran mutum daga wannan gona zuwa waccan ce. Gatarinsa kuwa ba ya sauka daga kafaɗarsa, kamar yadda yake ga kowane magidanci a wajenmu. In ka gan shi ba gatari, to masallaci za shi.

Wata ranar kasuwa ya biyo babbar mota ya zo birni, ya yi ta tambaya har ya iso ƙofar lakkol ɗinmu daidai lokacin da aka fito shan iska. Ina tsaye da abokaina, ƴaƴan ma'aikata, waɗanda na yi wata da watanni ina koyon tafiyarsu da lafazinsu. Ya hango ni, fuskarsa ta washe, ya ɗaga murya: «Ɗan lakkol! Kai, ɗan lakkol!» Ya nufo mu yana dariya, gatari a kafaɗa, ƙura har gwiwa. Wata yarinya ta yi ƙara ta ɓuya bayan ƙawarta. Wani yaro ya ce da Faransanci ga mutumin cikin bidiyon jiya ya fito, aka fashe da dariya. Sai aka juyo aka tambaye ni ko na san shi. Na buɗe baki na ce, da Faransancin da kuɗin itacensa ya saya mini, leburan mai masaukina ne.

Kawu ba ya jin Faransanci ko kalma ɗaya. Na ja shi gefe da sauri. Ya miƙo mini ƙunshin ƙuliƙuli da garin yaji, ya kwance bakin rigarsa ya ciro jika biyar daga kuɗin bunsurun da ya sayar. Ya dube ni da idonsa mai gani, ya ce: «Ga saƙon uwarka. Koma ciki, kada mushe ya yi faɗa.» Ya juya ya tafi. Na gaya wa kaina bai gane komai ba, na kuwa riƙe wannan magana har wata huɗu. Da ya sāke zuwa, wani yaro ne ya shigo ya ce ana kirana. Na fita na same shi can nesa da ƙofa, a gindin wata bedi, sanye da babbar rigar da na san ta liman ce, kafaɗarsa wayam. Na ce: «Kawu, ina gatarin?» Ya ce ya bar shi wajen mai shayi a tasha, wai ya yi masa nauyi. Mutumin da ke tafiyar yini da shi bai taɓa cewa ya yi nauyi ba. Bai ƙara ko kalma ɗaya a kan wannan ba, har ya koma ga Mahaliccinsa a 2009, Allah ya jiƙansa. Ni ma ban taɓa tayar da zancen ba. Kullum ina cewa sai na sami lokacin da ya dace.

Shi ya sa wurin da ya fi taɓa ni cikin fim ɗin babu jini a cikinsa. Da safe Allison ta farka a bukka, Dale ya shigo mata da abin karin kumallo, ta ƙwalla ƙara. Shi kuwa sai ya ɗauka abincin ne ba ta so, ya ba ta haƙuri ya koma ya dafa wani. Daga baya suna wasan tambayoyi, ya riƙa cinye ta, domin duk abin da ya taɓa ji ba ya mantawa. Amma da bakinsa yake cewa shi daƙiƙi ne, bai yi nisa a karatu ba. Ita ce ta nuna masa cewa zama a aji daban, kaifin hankali daban. Watau raini ya yi masa ɓarna biyu: ya sa ana gudunsa, ya kuma sa shi da kansa ya yarda da hukuncin. Da na ga ƙaton nan yana ƙanƙantar da kansa don kada ya tsorata baƙuwarsa, sai na ga kawuna a gindin bedi cikin rigar aro.

Wannan dariya da ake yi wa mutumin ƙauye ba baƙuwa ba ce a wajenmu. Tatsuniyoyinmu da labaran zaure cike suke da baƙauyen da ya shigo birni ya yi abin kunya, kuma marigayi Rabilu Musa Ibro, wanda ya rasu a 2014, ya sha fitowa a wannan siffa a fina-finan Kano, mu ma mun sha dariya. Ban ce a daina ba, domin wasa tsakanin birni da ƙauye tsoho ne, kuma baƙauyen labari sau da yawa shi ke yin nasara a ƙarshe. Abin da ke damuna shi ne lokacin da dariyar ta rikiɗa ta zama tsoro, domin mai jin tsoro ba ya tsayawa tambaya. Kowa a cikinmu ya taɓa jin labarin baƙon da aka yi wa ihu a kasuwa saboda kamanninsa, jama'a suka rufe shi da duka, sai bayan an gama aka fara binciken ko wane ne. Batun yadda allo ke shiga kan samari kuwa, wani ɗan ƙasarmu ya riga Eli Craig da fiye da shekara 40. A 1966 marigayi Mustafa Alasan ya yi Le Retour d'un aventurier, inda saurayi ya komo daga tafiya da kayan kaboyi ya raba wa abokansa, suka ɗauki abin da suka gani a sinima suka juye wa ƙauyensu. Samarin Alasan sun zaɓi zama jaruman fim. Ɗaliban Craig sun zaɓi zama waɗanda ake farauta. Ƙungiyar da za ta iya samun fina-finan biyu ta nuna su a jere, za ta sami abin tattaunawa na dare guda cur.

Ba zan ɓoye aibin fim ɗin ba, kuma wanda ba ya son a gaya masa ƙarshen labari ya tsallake wannan sakin layi. Yayin da abubuwa ke ƙara dagulewa, Chad, ɗan birni mai tsabtar riga, shi ke zama dodon gaske: yana jin daɗin farautar, ya kama Tucker ya yanke masa yatsu, ya ƙi sulhun da Allison ta shirya musu a kan teburin shayi. Har nan fim ɗin yana kan hanyarsa. Amma can ƙarshe sai aka bayyana cewa mahaifin Chad na gaskiya shi ne makashin nan na shekara 20 da suka wuce, mutumin tsauni. Na san masu shirin suna so su nuna cewa abin da ya tsana yana cikin jikinsa. Duk da haka, a ganina, sun mayar da mugunta inda suka ɗauko ta, sun ce a jini take, jinin kuma na ƙauye ne. Da sun bar shi ɗan birni tsantsa, wanda ƙiyayya kaɗai ta lalata, da saƙon ya fi tsayawa da ƙafafunsa. Na faɗi wannan ga abokina malamin Ingilishi, ya ce na cika neman aibi. Har yau ba mu daidaita ba.

Ga wanda ya yi niyyar kallo a gida, ga abin da zan ce. Wannan fim ba na yara ba ne. A Amurka ma an sa shi cikin rukunin da ɗan ƙasa da shekara 17 ba ya shiga sai da babba. Akwai jini da yawa, ko da yake an yi shi ne yadda zai ba da dariya. Akwai shan giya, da zage-zage, da wurin wankan tabki inda sutura ta yi ƙaranci. A bari sai ƙanana sun yi barci, kuma kada a kalle shi gaban surukai. Maigida ya fara kallonsa shi kaɗai, sa'annan ya yanke wanda zai zauna tare da shi. Wanda ke jin Faransanci ya nemi mai rubutun fassara a ƙasa maimakon wanda aka sauya wa murya, domin rabin daɗin yana cikin muryar mutanen nan biyu, yadda suke magana a hankali, da ladabi, alhali duniya tana rushewa a kansu. A kuma kalle shi a telebijin, mutum uku ko huɗu, kada kowa ya rungume wayarsa. Irin wannan dariya ta fi daɗi da abokin yi.

Ga ƴan'uwana malamai kuwa, akwai wani guntu da za a iya kaiwa aji ba tare da fargaba ba, watau wurin gidan mai, wanda babu jini ko tsiraici a cikinsa. Na gwada da ƴan ajin ƙarshe. Na kashe sauti, na nuna musu Dale yana nufo ƴan matan da laujensa, na tsayar, na ce kowa ya rubuta da Hausa, sa'annan da Faransanci, abin da mutumin nan yake nufi. Mafi yawansu suka rubuta kisa ko fashi. Na mayar da shi baya na buɗe sauti, na fassara musu hirarsa da amininsa. Aji ya yi tsit, sa'annan aka yi dariya. Na tambaye su su wane ne a cikinsu iyayensu ke riƙe lauje ko gatari kowace safiya. Hannuwa suka tashi a hankali, fiye da rabin aji, wasu sai da suka dubi na kusa da su tukuna. Wannan waigen da suka yi kafin ɗaga hannu na san shi sarai, kuma a kansa muka ƙare darasin ranar.

A gida, da matata da babban ɗana muka sāke kallon fim ɗin bara, bayan ya gama lise. Kuran ya ɗauke ana saura kaɗan a gama, muka zauna a tsakar gida muna jira. A cikin duhun nan na ba su labarin kawu, karo na farko da na faɗe shi da bakina. Matata ba ta ce komai ba. Yaron ya yi shiru, can ya ce: «Baba, gatarin yana nan?» Na ce yana wajen ɗan kawu, a ƙauye, an sāke masa ƙota sau biyu. Ya ce in za ni da kaka yana so ya bi ni ya gani. Mun je, ya ɗauka ya saɓa a kafaɗa, ƴan'uwansa na ƙauye suna yi masa dariya wai bai iya riƙewa ba, ɗaya daga cikinsu ya tashi ya gyara masa.

Wanda ya sami fim ɗin ya kalla, ya ba maƙwabcinsa aro. In kuma cikin masu karatu akwai wanda nasa kawun ke da rai, motar kasuwa ba ta daina zuwa ƙauye ba.